Nawar Kwamfuta: A Binciki Ciwon Kafin A Kashe Kuɗi

Tun da aka sake buɗe iyakar Jibiya a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motocin kaya suka koma zirga-zirga tsakanin Magama da Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. Takardun fiton kaya a yau ta intanet ake cika su, don haka kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama jarin wakilin fito, kamar yadda ta zama jarin ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Idan na'urar ta yi nawa, mota ce ke kwana a bakin iyaka, ko ɗalibi ya makara wajen miƙa aiki. Shawarar da aka fi ba mai ita kuwa ita ce ya sayi wata, alhali tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ko ta gwanjo ta gagari mutane da yawa.

Ni a ganina, yawancin waɗannan na'urori ba su mutu ba. Matakin farko shi ne gano inda ciwon yake. A danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager zai buɗe ya nuna abin da ya cika: ƙwaƙwalwar sarrafawa, ko ma'ajin wucin gadi da masu gyara ke kira RAM, ko faifan ajiya. A nan kuma ake ganin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna na'ura. Kashe waɗanda ba a buƙata ba ya cin ko kwabo.

Sai ciwon da ƙasarmu ta fi haifarwa, wato zafi. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da kafofin iska, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Idan ƙwaƙwalwar ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce kukan fanka da kuma nawa bayan an ɗan jima ana aiki. Maganinsa a kai wa mai gyara ya share ƙurar ya sabunta man sanyaya ƙwaƙwalwar, a kuma daina ɗora ta a kan katifa ko darduma.

Idan faifan ajiya ne ke tsayawa a kashi 100 cikin 100, to nan ne kuɗi zai yi amfani. Tsohon faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 ko kusa da haka a daƙiƙa, shi kuwa SSD na talakawa yana kai wa 500, kuma ya fi jure girgizar hanya tun da babu abin da ke motsi a cikinsa. Idan aka haɗa da ɗaga RAM daga gigabait 4 zuwa 8, a na'urar da ta yarda da ƙari, sai ka rantse sabuwa ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai gargaɗi guda uku. Filashin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani yana daga cikin hanyoyin shigar bairos. A riƙa bincikarsa kafin a buɗe. Manhajar kariya biyu a na'ura ɗaya nawa suke ƙarawa, wadda ta zo da Windows ta isa. Na uku, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa. Mai sayen ta gwanjo ya tabbatar da wannan kafin ya biya, wanda tasa ta kasa kuma yana iya komawa Linux Mint, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, a kwafe takardu zuwa wani ma'aji daban. Faifai ana sayen wani a kasuwa, amma kundin shekara huɗu ko takardun kayan abokin ciniki ba su da kanti.