Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk magidancin da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, in dai yana da yara masu tasowa a gida, da wuya a ce bai taɓa buɗe littafin makarantar ɗayansu ya tarar bayansa ya cika da zanen wasu mutane masu dara-daran idanu da gashi tsaitsaye kamar ƙaya ba. In ya tambaya, sai yaro ya ce wannan Naruto ne, wancan kuma Goku. In ya duba wayar yaron, sai ya ga an ɗauki hoton zanen an sa a intanet, wasu yara daga Barazil ko Indunusiya suna ta yabawa. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan abu shiririta, har wasu kan kai ga yaga takarda ko ƙwace waya. Ƙwace alƙalamin kuskure ne, sakin yaron ya yi ta kwaikwayo ba mai duba shi kuma wani kuskuren ne, kuma ya kamata a san dalilin kowanne.

Abin da yaran nan ke yi iri biyu ne. Na farko shi ne zanen masoya, watau mutum ya ɗauki wani gwarzo da ya gani a fim ko katun ko littafin hotuna, ya sake zana shi da hannunsa don ƙaunar da yake yi masa, wani lokaci ya sauya masa tufafi ko ya sa shi cikin wani labari dabam. Na biyu shi ne mutum ya ƙirƙiro gwarzonsa na kansa, wanda yaran ke taƙaitawa da haruffa biyu, OC. Shi wannan, mai zanen ne ke raɗa masa suna, ya ba shi asali da hali da sutura, ya faɗi abin da yake so da abin da yake tsoro. Sa'an nan sai a kai zanen dandalin da masoya irin wannan katun ke haɗuwa, a yi musaya, wannan ya zana gwarzon wancan, wancan ma ya rama. Akwai wuraren da aka gina musamman don wannan, kamar DeviantArt da aka kafa a Amurka cikin shekarar 2000, da Pixiv na ƙasar Japan da ya fara a 2007, ban da Instagram da TikTok da kowa ya sani.

Abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun a 1967 masoyan shirin talabijin na Star Trek a Amurka suka fara buga ƙaramar mujallarsu mai suna Spockanalia, suna rubutu da zane a kan mutanen cikin shirin. A Japan kuwa, ranar 21 ga Disamba, 1975, aka buɗe wata kasuwa a birnin Tokyo mai suna Comiket, inda masu zane ke kawo littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu. A wannan zama na farko ƙungiyoyi 32 ne suka baje kaya, mahalarta kuwa kimanin 700. Da aka yi zaman Disamba na 2019, sai da aka ƙidaya shigar mutane kimanin 750,000 cikin kwana huɗu. Babban kaso na abin da ake sayarwa a can zanen masoya ne.

Daga irin wannan kasuwa ƙwararru da dama suka fito. Ƙungiyar matan nan masu zane da ake kira CLAMP, waɗanda suka yi Cardcaptor Sakura, da littattafan masoya suka fara cikin shekarun 1980. Haka kuma wani Ba'amurke mai suna Tyson Hesse, wanda ya fara da zana Sonic don nishaɗi yana sawa a intanet, shi aka nemo ya jagoranci gyaran kamannin Sonic ɗin bayan jama'a sun ƙi jinin siffar da aka nuna a tallar fim ɗin a 2019, fim ɗin kuma ya fito a 2020 da gyararriyar siffa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai sana'a. Yaron tela da ɗinkin maigidansa yake fara kwaikwayo, yaron maƙeri ma haka, da koyo akan iya. Masu zanen bayan manyan motoci da allunan shagon aski sun daɗe suna zana Bruce Lee da Rambo ba tare da sun san abin yana da suna ba. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ma, da zai rubuta Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a gindin murhu aka haife su. Saboda haka yaron da ya zauna awa biyu yana ƙoƙarin daidaita hannun Goku da kafaɗarsa, yana koyon awo, da haske da inuwa, da haƙuri. Wanda ya yaga masa takarda ya rufe masa makarantar da ba a biyan ko kwabo.

Amma fa kayan aro yana da mai shi, kuma nan ne yara da iyaye suka fi ƙarancin sani. Naruto na Masashi Kishimoto ne da kamfanin da ya buga shi. Kome kyaun da yaro ya yi masa, gwarzon bai zama nasa ba. Galibin kamfanoni suna kau da kai ne saboda zanen masoya talla ce gare su kyauta. A 2016 Firayim Ministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya faɗa a majalisa cewa littattafan masoya ba sa gogayya da na asali a kasuwa, don haka hukuma ba za ta bi masu yin su ba sai in mai haƙƙi ya kai ƙara. A lura da sharaɗin: in mai haƙƙi ya kai ƙara, magana ta sauya. A 1999 an kama wata mai zane a Japan bayan kamfanin Nintendo ya kai kuka kan wani littafin batsa da ta yi da halittun Pokémon. A 1989 kuma kamfanin Disney ya tilasta wa wasu gidajen renon yara uku a Jihar Florida su goge hotunan Mickey Mouse da 'yan'uwansa daga bangonsu. Shi kansa Mickey, siffarsa ta farko ta 1928 ba ta fita daga hannun kamfanin a Amurka ba sai ranar 1 ga Janairu, 2024, watau bayan shekara 95.

A Nijeriya ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa mai aikin asali ikon hana wani juya aikinsa ko yin kasuwanci da shi. Saurayin da ya buga Naruto a riguna ya kai Balogun ko Oshodi yana sayarwa, a kan filin wani yake gini. Amma ita wannan dokar dai ita ce ke kare yaron in gwarzon nasa ne. Da zarar ya zana shi, haƙƙi ya tabbata gare shi ko bai yi rajista ba, kuma yana nan muddin ransa, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan zanen masoya wurin koyo ne, gwarzon ƙirƙira kuwa dukiya ce da ake gada.

Matasan Kudu sun riga sun gane haka. Tun 2012 ake yin taron Lagos Comic Con wanda Ayodele Elegba ya kafa, inda masu zane ke baje aikinsu. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic da gwarazansa 'yan Nijeriya. A 2024 kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú, katun da ke nuna birnin Ikko na nan gaba. Roye Okupe, wanda ya tashi a Ikko kafin ya koma Amurka, ya kai labarinsa na Iyanu har tashar Cartoon Network a 2025. Abin da ya fi shafar mutanen Arewa kuwa shi ne, wannan Okupe ɗin ne ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ya cancanci yabo, domin ya ga daraja a inda masu abin suka wuce ba su waiwaya ba. Sai dai tambaya tana nan: ina jikokin Zazzagawan da suka cika Agege da Mile 12, masu wayoyi a hannu da baiwar zane a yatsu?

Ba rashin kaya ne ya hana su ba. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Dodo, ga Bayajida da Daurama da macijiyar rijiyar Kusugu. Ga 'yan dambe da 'yan tauri da mahaya dawakin sallah da lifidi da kwalkwali. Ga ma rayuwar da yaran ke gani kullum: fataken goro na Shagamu, direban tirela mai kwana uku a hanya da lodin tumatir, mai shayin bakin tasha da ya san sirrin unguwa duka, yarinyar da ke jin Hausa da Yarabanci da Turancin Buroka a lokaci guda. Ba wani mai zane a Tokyo da zai iya zana waɗannan, domin bai taɓa ganinsu ba.

Akwai kuma wata riba da ta wuce kuɗi. Kukan da iyaye ke yi a Kurmi kullum shi ne yara suna tashi Hausarsu ta gurgunce, ba su san garinsu ba sai a bakin mutane. Yaron da ya ƙudura ƙirƙiro gwarzo Bakatsine ko Basakkwace dole ya zo ya yi tambaya: yaya ake naɗa rawani, mene ne bambancin aska takwas da sauran aikin riga, wane kirari ake yi wa maharbi? Abin da faɗa da bulala suka kasa cusa masa, sai ga shi yana nema da kansa wurin kakarsa.

Iyayen da ke ɗari-ɗari suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Akwai zanen banza a waɗannan dandali, akwai kuma manya masu mugun nufi da ke shiga cikin yara da sunan masoya. Yawancin dandalin sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, amma ba mai tsayawa a ƙofa yana dubawa. Maganin wannan shi ne uba ko uwa su riƙa cewa yaro ya nuna musu abin da ya zana da inda ya sa shi, a hana shi bayar da adireshin gida ko sunan makaranta ko hotonsa, a kuma yanka masa lokaci don kada zane ya cinye karatun boko da na allo. Yaron da aka saba yaba wa zanensa a gida ba ya ɓoye waya. Batun hukuncin zana abu mai rai kuwa, magana ce ta malamai, kuma kowane gida ya san malamin da yake tambaya. Wanda ya ga ya fi masa ya kauce, ga fagen zayyana da gine-gine da tsara sutura a buɗe, duk da wannan baiwar ake shigarsu.

Sauran haɗarin shi ne sata. A intanet ɗauke zanen mutum a goge sunansa bai fi ƙiftawar ido ba. Daga 2022 kuma sai ga na'urorin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto, waɗanda aka horar da ɗimbin zanen da aka kwaso daga intanet ba tare da an tambayi masu su ba. A Disamba na wannan shekarar masu zane suka yi bore a dandalin ArtStation, a Janairu na 2023 kuma wasu masu zane uku suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt ƙara a Kalifoniya. A shekarar dai masana a Jami'ar Chicago suka fito da wata manhaja mai suna Glaze don rikita wa irin waɗannan na'urori salon mai zane. Yaro a Idi-Araba ba shi da lauya a Amurka, amma yana da abin da zai iya: ya sa hannu a cikin jikin zanen inda ba a iya yankewa, ya adana takardun farko da kwanan wata, in an ba shi aikin oda ya karɓi kafin alƙalami. Shi ma kuma kada ya ɗauki na wani ya ce nasa ne, ko ya yaɗa shi ba da sunan mai shi ba, domin wanda bai kiyaye haƙƙin wani ba ba shi da bakin neman nasa.

Ya rage ga shugabannin al'umma. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca suna kashe kuɗi wajen gasar ƙwallo da bukukuwan sallah. Ba zai gagare su ba su sa gasar zane lokacin dogon hutu, da sharaɗi guda: gwarzon ya zama na yaron ne, labarinsa kuma a rubuta da Hausa. Kyautar ba sai ta yi tsada ba, fensira masu launi da takarda mai kyau da kuɗin mota zuwa Lagos Comic Con sun isa su sa yaro ya san manya sun gan shi.

A bar yara su yi ta zana Naruto har hannunsu ya faɗa, domin ta nan ake farawa. Amma duk uban da ya ga ɗansa ya cika littafi da gwarazan Japan, ya dace ya zaunar da shi ya tambaye shi: to, ina naka? Allah ya sa a gane, ya kuma yi wa zuri'a albarka.