Wa Zai Rubuta Kuɗin Mudun Masara?



Idan yaƙi ya ƙare, littattafan tarihi kan riƙe sunayen janar-janar da ranar da gari ya faɗi. Amma abin da aka ɗora a murhu ranar, da yadda uwa ta lallashi ɗanta ana jin ƙarar bindiga, sai a dayari ake samunsa, wato littafin da mutum ke rubuta abin da ya gani kullum.

Nella Last matar aure ce a garin Barrow na Ingila. Daga 1939 ta fara rubuta wa ƙungiyar Mass Observation labarin gidanta: ƙarancin abinci, daren ruwan bama-bamai, fargabar ɗanta da ke soja. Ba ta ajiye alƙalami ba sai 1966. Anne Frank kuwa ta yi nata a maɓoya a Amsterdam daga 1942 zuwa 1944. Ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945, mahaifinta ya buga littafin a 1947.

Darajar irin wannan rubutu ita ce mai shi bai san ƙarshen labarin ba, don haka ba ya samun damar yi masa kwalliya. Wani lokaci ma shaida yake zama a kan mai shi. Hamman Yaji na Madagali ya ajiye nasa daga 1912 zuwa 1927, a ciki aka ga hare-haren da ya kai da yawan bayin da ya kama.

To mu fa? Tun 2009 Borno take cikin tashin hankali, ga Zamfara da Katsina. Muna ta zuba labaran soyayya, amma wa ke rubuta nawa aka sayi mudun masara ranar da aka rufe kasuwa? Wa ya rubuta daren da ƙauye ya kwana a daji?

Wani zai ce akwai hatsari, kuma gaskiya ne. Sai a sakaya sunaye, a adana littafin a inda ido ba ya kai. A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a sa kwanan wata, layi biyar ma ya isa. Idan uwa ko kaka ba ta iya boko ba, ta faɗa a rubuta mata, ko ta yi da ajami.

Jikokinmu za su yi tambaya. Allah ya sa su tarar da amsa a rubuce, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.