Hayar Motar Ɗaukar Karnukan Gadi: A Karanta Takarda Kafin A Karɓi Makulli

Duk wanda ya saba bin titunan Abuja da almuru, musamman hanyar Idu ko ta Gwarinpa, ba zai rasa cin karo da wata mota mai ɗauke da karnuka biyu ko uku a baya ba, ana kai su wurin aikin dare. Waɗannan karnuka na kamfanonin gadi ne masu zaman kansu, waɗanda Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986 ta ba damar aiki, kuma hukumar tsaron farin kaya ta NSCDC ke sa ido a kansu. Ma'ajiyar kaya, gidajen gona a Kuje da Bwari, da manyan gidaje a Maitama da Asokoro, duk suna cikin masu neman irin wannan hidima.

Bahaushe bai ɗauki kare abin sakawa a ɗaki ba, amma tun kaka da kakanni ya san amfaninsa wajen farauta da kiwo da tsaron gida. A wurin ɗan kasuwa kuwa, karen da aka horar jari ne mai numfashi, wanda aka kashe kuɗi wajen sayensa da horar da shi da ciyar da shi da yi masa allura. Saboda haka motar da za ta riƙa ɗaukarsa kullum ba abin da za a zaɓa da ka ba ce, balle idan motar ta haya ce.

Dalilin da ya sa haya ta shiga lissafin 'yan kasuwa a 'yan shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce Naira 1,000 a Abuja a watan Oktoba 2024. A watan Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 460 ta zarce Naira 1,500 a watan Fabrairu 2024. Sa'an nan Babban Bankin Nijeriya ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba 2024. Tun da yake mafi yawan motocinmu da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, sayen sabuwar mota kuɗi hannu ya gagari ƙananan kamfanoni da dama, cin bashin banki kuma ya zama gudun gara faɗawa gidan zago. Hayar mota ta tsawon shekara biyu ko uku ita ce ƙofar da ta rage wa mutane da yawa.

Wani abokina da ke da ƙaramin kamfanin gadi ya bi ta wannan ƙofa, kuma a gabana aka yi abin da zan faɗa. Ya sami kwangilar tsaron wata ma'ajiya, ya je wurin masu ba da haya ya zaɓi mota mai kyan gani, mai kujerun yadi da darduma mai laushi, domin a ganinsa kwarjinin mota yana ƙara wa kamfani daraja a idon abokan hulɗa. Bai gaya musu karnuka zai riƙa ɗauka ba, su ma ba su tambaya ba. Ranar da wa'adi ya cika aka zo duba mota, sai ga kujerar baya ta yage, jikin ƙofofi duk karce, ga gashi ya shiga kowane lungu, ga kuma warin da wanki bai fitar ba. Kuɗin ajiyar da ya bayar tun farko bai dawo ba, aka kuma biyo shi da takardar neman ciko. Ya yi ta faɗa yana cewa an zalunce shi, amma da muka zauna muka karanta yarjejeniyar, sai muka tarar da hannunsa ya sa a kan sharaɗin da ya kama shi.

Yadda Ake Lissafin Kuɗin Haya

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, mai ɗaukar dabba a motar haya ya fara lissafinsa daga ranar mayar da mota, ya dawo baya zuwa ranar karɓarta. Dalili kuwa yana cikin yadda ake yanke kuɗin hayar. Mai ba da haya yakan duba nawa ya sayi motar, ya ƙiyasta nawa za ta yi a kasuwa idan wa'adi ya ƙare, ya raba bambancin a kan watannin haya, sa'an nan ya ɗora kuɗin jarinsa da ribarsa da abin da zai kashe a kan gyara da inshora. Watau abin da ɗan haya ke biya kowane wata, galibinsa kuɗin darajar da motar ke zubarwa ne a hannunsa. Duk abin da ya sa motar ta zube fiye da ƙiyasin farko, a wuyan ɗan haya zai faɗa.

A kasuwar motocin hannu ta Abuja da Kaduna da Kano wannan magana tana da nauyi na musamman. Mai saye zai iya yafe wa mota ɗan karce a fenti, amma da yawa daga cikin masu sayenmu, da zarar sun buɗe ƙofa sun ji warin kare, ciniki ya watse. Mai ba da haya ya san haka, dillali ma ya sani, don haka ba za su ɗauki asarar a kansu ba.

Doka ma tana bayan mai mota a wannan gaɓa. Dokar Hayar Kayan Aiki ta 2015, wadda ƙungiyar masu ba da hayar kayan aiki ta ELAN, da aka kafa a 1983, ta daɗe tana fafutukar samu, ta tabbatar da cewa mallakar kaya tana hannun mai ba da haya har ƙarshen wa'adi, ta kuma tanadi hukumar yi wa yarjejeniyoyin haya rajista. Haka abin yake a tsarin ijara da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ke yi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, dukkansu masu hedkwata a Abuja. A ijara mai kaya ne ke ɗaukar nauyin da ya shafi mallaka, amma ɓarnar da ta faru saboda sakaci ko amfani da kaya ta hanyar da ba a amince ba, ɗan haya ne zai biya. Ta kowace ƙofa aka shiga, mota amana ce a hannun wanda ya karɓa.

Abin Dubawa A Jikin Mota

Abu na farko shi ne a raba wurin dabba da wurin mutane. Mota a-kori-kura mai kujeru biyu gaba da baya, irin su Hilux, ko ƙaramar bas irin Hiace da aka cire wa kujerun baya, sun fi motar alfarma dacewa nesa ba kusa ba, domin bayansu ƙarfe ne ko roba da za a iya wankewa da tiyo. Magabatanmu a harkar sufuri sun san wannan, shi ya sa a-kori-kurar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ta yi shekaru tana ɗaukar buhuna da awaki ba tare da gajiyawa ba. Idan dole sai motar iyali, to a nemi mai faɗin but wadda ƙofarta ke buɗewa sama, mai kujerun fata ko leda, a shimfiɗa tabarmar roba mai baki, a kuma kafa raga tsakanin but da kujeru.

Abu na biyu shi ne zafi, wanda ke iya kashe dabba a mota. Zafin Abuja a watan Maris yakan wuce digiri 35, kuma motar da aka ajiye a rana aka rufe gilasanta, cikin minti goma zafin cikinta na iya ƙaruwa da kimanin digiri goma. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, saboda haka idan iska ta tsaya yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Motar da na'urar sanyayawarta ba ta kai iska baya ba ta dace da wannan aiki ba. A-kori-kura kuma tana bukatar rumfa mai tagogin iska, domin ƙarfen da rana ta gasa yana ƙona tafin ƙafar dabba.

Abu na uku shi ne keji da inda za a ɗaure shi. Babban karen da ba a tsare ba, idan direba ya taka birki da ƙarfi a kan hanyar filin jirgin sama, zai zama tamkar buhun siminti da aka jefo daga baya. A Ingila doka ta 57 cikin ƙa'idojin hanya ta bukaci a tsare kare a mota ta yadda ba zai ɗauke hankalin direba ko ya ji wa wani ciwo ba, kuma hankali ma abin da zai ba mu ke nan. A auna keji kafin a zaɓi mota, a duba ko akwai ƙugiyoyin ɗauri a ƙasan but, a kuma lura da tsayin bakin mota, domin tsalle daga sama kullum yana lalata gaɓoɓin manyan karnuka.

Akwai kuma batun iskar gas. Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da gas na CNG a 2023, mutane da dama sun koma can don rage kuɗin mai. Sai dai tukunyar gas a but ake ɗora ta, watau daidai inda keji zai zauna, kuma ba a taɓa injin motar haya sai da izinin mai ita. Wanda ke son haɗa biyun ya yi awonsa tun kafin ya sa hannu.

Abin Dubawa A Takarda

A faɗa wa mai ba da haya gaskiyar abin da za a riƙa ɗauka, a kuma sa ya rubuta amincewarsa a cikin yarjejeniya. Ƙila ya ƙara kuɗi, amma ƙarin da aka sani tun farko ana iya zuba shi cikin farashin kwangila, wanda ya zo a ƙarshe kuwa daga riba yake fita. A nemi a fayyace abin da ake kira tsufan yau da kullum da abin da ake kira ɓarna. Ƙungiyar masu ba da hayar motoci ta Birtaniya tana da ƙa'ida rubutacciya a kan wannan, wadda ɓangarorin biyu ke komawa gare ta idan gardama ta tashi, kuma babu abin da zai hana ɗan kasuwarmu ya bukaci a rubuta masa irin wannan bayani dalla-dalla. A rubuta izinin huda jiki don kafa raga ko rumfa, da wanda zai biya kuɗin cirewa. A ɗauki hoton ciki da wajen mota ranar karɓa, kowane ɓangare ya sa hannu.

Idan an ƙayyade yawan tafiya, a yi lissafi da alƙalami. Motar da ke zuwa Gwagwalada daga tsakiyar gari ta dawo, tana cin kimanin kilomita 100 a rana, wanda a kwana 300 ya kama kilomita 30,000. Wanda ya amince da iyakar da ba ta kai haka ba ya sa hannu a kan tara tun kafin ya tayar da mota.

Inshora ma a tambaya da kyau. Inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta na motocin gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 daga Janairu 2023, ɓarnar da aka yi wa wani kawai take biya. Ba ta biyan motar kanta, ba ta biyan karen da ke ciki. A tambayi kamfanin inshora a rubuce ko zai ɗauki nauyin ɓarnar dabba a cikin mota, da kuma cizon da zai iya faruwa wajen lodi ko saukewa. Takardar allurar ciwon haukan kare ta kasance a mota kullum. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mene ne, alhali ana iya sayen tsohuwar a-kori-kura a yi yadda aka ga dama da ita. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Mai kare ɗaya ko biyu da aikin da ba shi da tabbas, tsohuwar mota da bakanike a Apo sun fi masa sauƙi. Haya tana biya ne ga wanda ke da kwangila rubutacciya mai wa'adi, wanda kuma tsayawar mota kwana ɗaya na iya jawo masa asarar aikin gaba ɗaya. Ko shi ma ya daidaita wa'adin haya da na kwangila, kada aiki ya ƙare a shekara ɗaya ya bar shi da biyan haya na shekara uku. In da hali ya nemi sharaɗin sayen motar a ƙarshe a kan farashin da aka yanke tun farko, domin motar da karnuka suka riga suka saba da ita ta fi amfani a hannunsa fiye da kowa, kuma a lokacin da Naira ke faɗuwa irin wannan sharaɗi riba ce ga ɗan haya.

Wannan lissafi bai tsaya kan karnuka ba. Mai kai raguna kasuwar Dei-Dei gabanin Babbar Salla, da mai rarraba kaji daga gonakin Kuje, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su, domin fitsari da kashin dabba suna cin ƙarfe, wari kuma yana cin farashi. Ya kamata su ma masu ba da haya su daina yin kamar ba su san wannan kasuwa ba, su tanadi motocin da aka shirya don dabba da farashinsu a fili, maimakon jiran ranar mayarwa su kama ɗan haya da sharaɗin da bai fahimta ba.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sa kare a mota ya san za a sami gashi da karce da wari, abin da ya rage shi ne a san wanda zai biya, a kuma rubuta shi tun ana dariya. Abokin nan nawa ya sake ɗaukar haya bayan wancan darasi, a-kori-kura ce mai rumfa, kuma shafin da ya ambaci karnukansa shi ya fara sa wa hannu.