NAZARI: Jami'a ta biya kuɗin mujalla, amma wa ke da ikon barin kwamfuta ta karanta ta?

A shekarar 2015, wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, Chris Hartgerink, ya sauke dubban maƙalolin ilimin halayyar ɗan Adam domin manhaja ta tace su, ta gano alƙaluman da ake zargin na boge ne. Jami'arsa ta biya kuɗin mujallun, duk da haka kamfanin Elsevier ya kai ƙorafi laburaren jami'ar, aka hana shi ci gaba da sauke maƙalolin.

Wannan ita ce taƙaddamar haƙar rubutu da bayanai, wato amfani da kwamfuta wajen nazarin maƙaloli masu yawan da mutum ba zai iya karantawa ba. Kafin manhaja ta yi aikin sai ta kwafi rubutun, kwafi kuwa yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka.

Dokoki sun bambanta. Birtaniya ta halatta haƙar a 2014, muddin binciken ba na kasuwanci ba ne. A 2019 Tarayyar Turai ta bai wa cibiyoyin bincike wannan dama, ta kuma hana mawallafa soke ta ta hanyar kwantiragi. Inda babu irin wannan tanadi, yarjejeniyar da laburare ya sanya wa hannu ce ke yin hukunci, kuma galibi malami ko ɗalibi bai taɓa ganin ta ba.

A nan haɗarin yake. Mawallafi na iya toshe adireshin intanet na jami'a baki ɗaya saboda aikin mutum guda, kamar yadda JSTOR ya yi wa MIT a 2010. Shi ya sa laburori da dama a Turai da Amurka ke wallafa jerin sharuɗɗan kowane kamfani: wanda ya yarda, wanda ke neman izini a rubuce, da wanda ya keɓe wata ƙofa ta musamman ta sauke bayanai.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin. A 2024 kamfanin da ya mallaki Taylor & Francis ya ƙulla cinikin da kasonsa na farko ya kai dala miliyan 10 da Microsoft kan rubuce-rubucen masana, marubuta da dama kuwa suka ce ba a tuntuɓe su ba. Abin da ake sayar wa kamfanoni, da wuya a bar wa jami'o'i kyauta.

Saboda haka sanar da masu bincike sharuɗɗa rabin aiki ne. Sauran rabin yana kan teburin ciniki: laburaren da bai nemi a rubuta haƙƙin haƙa cikin yarjejeniya ba, ya sayi rijiya ne ba tare da guga ba.