Wari ya tafi, guba ta tsaya

Ƴan'uwa manoma, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, duk inda muka bi hanyar kwalta muna ganin man fetur cikin kwalabe da jarkoki. Da shi muke tayar da babur. Da shi muke tayar da injin ban ruwa a fadamar Gulbin Maraɗi. Idan ya zube, mukan ce rana za ta shanye shi. A ganinmu, wannan magana kuskure ce.

Man da ya zube yakan rabu gida uku. Kashi na farko yana tashi cikin iska, shi ne warin da muke ji. Zafin bazara yana gaggauta tashinsa, mai sayarwa da yaron da ke kusa su shaƙa. Kashi na biyu yana maƙalewa a ƙasa, musamman mai laka da taki. Kashi na uku yana nutsewa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe shi sosai. Idan damina ta sauka, ruwan sama yakan tura shi har ya tarar da ruwan rijiya. A fadama kuwa ruwa ba shi da nisa.

Cikin fetur akwai wata guba mai suna banzin. Tana iya haddasa cutar daji ta jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarta ko yana shanta. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kada ta wuce giram 1 cikin lita 100.000 na ruwan sha, wato ganga 500. Ruwa yana iya zama fari tas, alhali yana ɗauke da ita.

Don haka muna kira ga masu gari da kwamitocin rijiyoyi su kafa doka. Kada a sayar da mai ko a gyara inji a bakin rijiya. A zuba wa inji mai bisa daɓen siminti. A ajiye jarka a rufe, a inuwa, nesa da ɗakin kwana. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai kada ta ɗauki ruwan sha. Rijiyar da ta fara warin fetur, a daina shan ruwanta, a sanar da ma'aikatan lafiya.

Haƙa rijiya aikin gari ne, ɓata ta kuwa mutum ɗaya ya isa. Mu tsare ta tun ruwanta yana da kyau.