"Fozitif": albishir ko jaje?

A wani ɗakin gwajin jini da ke Unguwar Sarki a Kaduna na ga wani dattijo ya karɓi takardar sakamako ya miƙa wa jikansa, ɗan sakandare. Yaron ya duba, ya washe baki: "Kaka, fozitif ne, an dace!" A makaranta an koya musu cewa kalmar tana nufin abu mai kyau. Sai da ma'aikaciyar wurin ta leƙo ta ce, "Baba, sai haƙuri, ciwon hanta aka gani," sannan jikin yaron ya yi sanyi. Ni ban ga laifinsa ba. A bakin likita kalmar nan ba ruwanta da kyau ko muni, nufinta an ga abin da aka je nema, cuta ce ko juna biyu. Shi ya sa wata ke rangaɗa guɗa, wani kuma ya hau salati. A ajin lissafi lamba ce da ta haura sifiri. Bakanike a Panteka ya san ta da kan batir mai jar waya. Wanda aka ce jininsa "O fozitif" ne kuwa lafiyarsa ƙalau, sunan rukuni ne kawai. Da yawa a Kaduna sun fahimci ma'anarta ta asibiti ranar 28 ga Maris 2020, da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanar ya kamu da korona. Ƙorafina yana kan masu miƙo takarda ta taga su ce "na gaba". Me zai rage su in suka ce "an samu" ko "ba a samu ba", da Hausa?