Maganin da Ke Kashe Cuta Ya Bar Ƙoda

Daga cikin magungunan da ake yaƙar funfunar da ke shiga jini da ƙwaƙwalwa, babu wanda ya kai amphotericin B daɗewa da ƙarfi. An samo shi a shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana kama wani maiƙo mai suna ergosterol da ke bangon ƙwayar funfuna, ya tsotse shi har ƙwayar ta mutu. Sai dai maiƙon kolestarol na jikin ɗan Adam ya yi kama da wancan, don haka maganin kan taɓa ƙoda, ya zubar da sinadarin potasiyam, ya rage jini.

Saboda haka wanda ake yi wa tsohon nau'in a kan sanƙarau na funfuna, mai kama masu ƙanjamau, sai ya kwanta mako guda ana ƙarin ruwa ana auna jininsa. A birni wannan mai yiwuwa ne. Ga mutumin Runka a ƙaramar hukumar Safana kuwa, dole ya kama hanyar Dutsin-Ma ko Katsina, hanyar da 'yan bindigar dajin Rugu suka mayar abin fargaba, ya bar gona, ya ɗauki mai jinya.

Masana sun rage wannan nauyi. An lulluɓe maganin cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, yadda kaɗan ne ke isa ƙoda. Gwajin AMBITION, wanda aka yi a ƙasashen Afirka biyar aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ƙarin ruwa ɗaya mai ƙarfi na wannan nau'in, tare da ƙwayoyin sha na mako biyu, yana ceton rai kamar na mako guda, da ƙarancin illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a shekarar. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Illinois sun sauya ginin maganin yadda ba ya kama kolestarol.

Don haka wajibi ne gwamnatin Katsina da ta tarayya su tanadi nau'in mai sauƙin illa a asibitocin da ke kusa da karkara, duk da tsadarsa. Arhar tsohon nau'in ta ta'allaƙa ne ga ɗakin gwaji da gadon mako guda, kuma waɗannan su ne suka fi nisa da Runka.